Kik Ɗin Motar Malam Sule

Ban taɓa mantawa da ranar da aka karɓe mukulli daga hannun Malam Sule ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Lokacin bazara ne, ina aikin wayar mota a garejin wani kamfanin jigilar hatsi nan cikin Katsina. Ku yaran gareji da kuka zo daga baya ba ku san shi ba. Dattijo ne, ya fi kowane direba daɗewa a kamfanin.

Motarsa tirela ce mai shan dizal. Ƙorafinsa kullum guda ne: in ta yi tafiya ta ɗauki zafi ya kashe ta, to kik, wato injin da ke tayar da mota, ba zai sake juyawa ba sai ta huce. Sai ka ji ƙas, shi ke nan. Haka zai zauna bakin hanya, kaya su makara.

Tsarin garejinmu kuwa, mota ba a duba ta sai da safe, bayan ta kwana. Manaja ya zo da kansa, a murɗa mukulli, ta tashi kamar sabuwa. Na gwada batir, lafiya lau. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ciwon nan ba ya fitowa da sanyi. A bar ni in zaga da ita ta yi zafi."

Ya ce, "Dizal ɗin naka ne? Ga mota tana tashi, mi kake nema kuma?"

Abin da ya ƙara jefa Malam Sule cikin zargi shi ne, wasu direbobi sun ja motar ba su taɓa kuka da ita ba. Dalili kuwa kowa a gareji ya sani: su in sun tayar da safe ba sa kashewa sai sun sauke kaya, ko salla za su yi tana ruri. Shi kaɗai ke kashewa da azahar. Ya ce ba ya iya tsayuwa gaban Ubangiji inji na ƙara a kunnensa, ga kuma dokar kamfani da ta ce a kashe in an tsaya. Amma ba wanda ya buɗe baki, don faɗar hakan tona asirin kansu ne.

Sai magana ta fara yawo, wai yana ratsewa ne ya ɗauki kayan wasu a hanya. A gaban yaran da ya koya wa tuƙi manaja ya ce masa, "Malam, da furfurarka kake mana ƙarya?" Sannan ya ce a ba shi mukullin motar. Malam Sule ya ajiye mukulli a kan benci, ya naɗe dardumarsa, ya fita.

Ba a jima ba motar ta mutu wa sabon direba a Ƙofar Guga da tsakar rana, ɗauke da masara, ta tare hanya. Sai ga shi an turo ni da gudu. Na shiga ƙarƙashinta tana da zafi. Farantin ƙarfen da ke kare kik daga zafin salansa babu shi, wani ya cire bai mayar ba. Wayar da ke shiga kik ta gasu, in ta yi zafi wuta ba ta wucewa sosai. Na canza waya, na sa faranti. Kafin la'asar an gama.

Na koma wurin manaja na ce, "To, Malam Sule fa?"

Ya ce, "Ai wannan magana ta wuce. Mun riga mun ɗauki wani."

Na je na sami Malam Sule a Babbar Kasuwa, yana jan keke mai ƙafa uku na wani. Bayan mun gaisa na ba shi labari. Ya ce, "Ni aikin ba na so. A tara yaran nan dai a faɗa musu ban yi ƙarya ba."

Na kai saƙon. Ba a tara kowa ba, har Allah ya yi wa Malam Sule rasuwa.

Shi ya sa nake matsa muku: in direba ya ce mota tana ƙi da zafi, ku gwada ta da zafi, ko da za a yi faɗa da ku. Kik dai na gyara shi cikin yini guda. Sunan Malam Sule kuwa, sai ni kaɗai nake ta bi ina faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake faɗa muku yanzu.