Ranar da Na Ƙone Tsincen Gyaɗar Ƙungiyarmu

A wancan lokaci ni ce mai riƙe da makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a Cadawa. Bazawara ce ni, da 'ya'yana a gabana, ba ni da gona mai girma, ba ni da miji mai tsaya mini, abin da nake da shi hannuna ne da sunana. An san ni da baki, ba zan ɓoye muku ba, amma an san ƙuli-ƙulina har tashar Agiye. Shugabar ƙungiyar aminiyata ce tun muna 'yan mata. Rana ɗaya aka yi mana kitson aure, ita ta zauna da ni a takaba, kuma ita ta ce a ba ni makullin don ta san ko ƙwaya ba za ta yi ƙafa ba.

Ga yadda muke aikinmu, kuma haka muka tarar da iyayenmu suna yi. In an ɓare gyaɗa sai a baza ta a tabarma a tsince. Mai kyau ta tafi buhun kasuwa. Wadda ta yamutse ko ta yi fumfuna, ita muke kira tsince, ba a zubar da ita. In fumfunar baƙa ce a watsa wa kaji, in koriya ce a shanya a rana, a soya, a kai inji, a matse mai, tunkuzar a yi ƙuli-ƙuli. Mun yarda wuta na kashe komai. A shekarar kuwa ruwa ya koma bayan an cire gyaɗa, ya same ta a shanye, tsince ya yi yawa har ya kusa cika rabin mangaza.

Sai ga wata malama 'yar jami'a ta zo tare da malamin gona, tana bin mangazu daga Gidan Runji har Gazawa tana ɗibar ruɓaɓɓiyar gyaɗa a 'yan kwalabe. Na yi mata tsiya son raina. Na ce mata in yunwa ce ta kawo ta mu ba ta mai kyau, ba sai ta yi karatun shekaru ta ƙare a tsintar abincin kaji ba. Ta yi dariya ta ɗiba ta tafi, ni kuma na manta da ita.

Da ta dawo ba dariya a fuskarta. Ta same ni a ƙofar mangaza, ta nuna mini hotuna biyu na fumfuna koriya da suka shuka a 'yan farantai a jami'arsu, ta ce in faɗa mata bambancinsu. Na duba, na juya, na ce ai abu guda ne. Ta ce su ma a ido haka suke ganinsu, ko da madubin likita da wuya a raba su. Ta ce sai an fasa fumfunar an ciro abin gadon halittarta, an karanta shi, kamar yadda ake gane dangin mutum ta jininsa ko da kamarsa ta ruɗi mutane. Da suka karanta sai suka ga gida biyu ne. Ɗaya ba ta iya yin dafi sam, halittarta ba ta da wannan sashen. Ɗayar tana da shi, kuma ita ce ta cika tsincenmu, sun auna dafin a cikin gyaɗar sun same shi da yawa. Na ce ai za mu soya. Ta ce suya na kashe fumfunar, dafin kuwa yana nan daram, ba ya kayar da mutum nan take, hanta yake ci sannu a hankali, yaro kuma ya hana shi girma. Ta roƙe ni kada a ci, kada a ba dabba.

Abin ya zo a mugun lokaci. Soja sun yi alkawarin mayar da mulki, ana ta shirin zaɓe, gari ya rabu, ko gaisuwa sai an duba launin ɗan kwalinki. Wani ɗan takara ya yi wa ƙungiyarmu odar ƙuli-ƙuli mai yawa, za a raba a mitin, a kai saura lakol, makarantar boko, a ba yara, kuma ya yi alkawarin injin niƙa namu na kanmu in ya ci. Da tsincen nan aka shirya yin aikin. Na tara mata na faɗa musu abin da malama ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Wata ta ce tun kakanninmu ake ci, wa ya mutu? Wata ta ce ai ƙanena na ɗaya jam'iyyar a Gazawa, shi ya turo ni in ɓata musu hanya. Aminiyata ta ja ni gefe ta ce in rufa mata asiri, ta riga ta amsa wa mutumin, in bari wannan karon ya wuce, baɗi sai a gyara. Na ce mata yaran lakol ɗin nan har da nawa da nata, ba zan buɗe ƙofar ba. Ta ce to gobe a canja makulli.

Ban jira goben ba. Da rana tsaka, kowa na gani, na ɗauko amalanke, na kwashe buhunan tsincen, ban taɓa ko tiya ɗaya ta mai kyau ba, na kai su ramin da ake ɗibar ƙasar gini a bayan gari, na zuba kananzir na ƙyasta. Gyaɗa da mai, wutar ta tashi har sama. Ina tsaye a wurin suka iso da gudu, ban gusa ba.

An kai ni gaban maigari, wasu na cewa a kira jandarma. A nan aka yi abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Aminiyata ta zo da 'yar ragowar gyaɗar da ta tsira a gefen ramin, koriya shar, ta watsa a baki a gaban jama'a, tana tauna tana kallon cikin idona. Ta haɗiye, ta buɗe hannuwa, ta tambayi mutane ko sun ga ta faɗi. Aka kwashe da dariya. Na ce dafin ba haka yake aiki ba, amma wa ke saurare? Malama tana can birni, ni kuwa ba ni da abin nunawa sai hoto biyu masu kama ɗaya da ta bar mini. Aka karɓe makulli, aka cire ni daga ƙungiya, rabona na gyaɗa mai kyau ya tafi a ramuwa. Maigari ya ce in ba da haƙuri a rufe magana. Na ce na ba da haƙuri kan dukiyar da ta ƙone, amma ko yau aka sake tara irinta don yara, zan sake neman ashana.

Na sha wuya, ba zan yi muku ƙarya ba. Mata suka daina shigo mini, a kasuwa ana nuna ni ana cewa ga mai ganin aljanu a cikin gyaɗa. Rashin aminiyata ya fi mini komai ciwo, na yi kuka a kanta fiye da yadda na yi a kan makullin. Na koma matsa ni kaɗai a tsakar gida, ina shanya gyaɗa a kan tabarma nesa da ƙasa, duk ƙwayar da ban yarda da ita ba in jefa a murhu. Riba ta ragu, mutane na cewa taurin kai zai kashe ni. Ba wanda ya faɗi ya mutu a gabansu balle a ce na yi gaskiya, kuma na gode wa Allah da hakan.

Shekaru sun wuce ba ma ko gaisawa. Ran nan ina cikin suya na ji sallama, na ɗaga kai sai ga ta tsaye da kwano a hannu. Ta ce jikarta aka yaye, tana son tunkuzar da za a riƙa dama mata kunu. Na tambaye ta ko ta ƙungiya ta ƙare ne. Ta sunkuyar da kai ta ce akwai, amma wannan ta yarinya ce. Na karɓi kwanon na cika mata.

Ku mata 'yan uwana masu wannan sana'a, abin da na koya ke nan. Idona da hancina da nake taƙama da su ba su iya raba fumfuna mai dafi da marar dafi ba, naku ma ba za su iya ba, kuma wuta ba ta wanke ta. Kada ku jira sai wani ya faɗi kafin ku yarda. In kun ga koriya a gyaɗa, ku tambayi kanku ko za ku dama wa jikarku kunu da ita. In ba za ku iya ba, to wanda zai saya a tasha ma jikan wata ne.