Sunan Ƴar Fari a Shingen Jandarma

Shekarar da mutanen ƙetaren iyaka suka fara kwararowa garinmu, kusa da Sae Sabuwa, ban daɗe da ajiye koyarwar boko a lakol ba. Ƴan bindiga ne suka tashe su daga garuruwansu. Muka ba su rumfuna da zaure, domin mu ma kakanninmu ta can suka shigo, sai dai su a kan jakuna suka zo, ba a guje ba.

Da yake ina jin Faransanci, kuma ba ni da aiki sai gardama a majalisa, mai gari ya ɗora mini koya musu yadda ake yi da jami'ai a hanya. Bayan la'asar nakan tara su a gindin gawo. In ce kada kowa ya gudu in an tsayar da mota. Wanda bai gane tambaya ba yana da haƙƙin a fassara masa, kuma kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Sannan in kifa tsohuwar hular kwano a kaina, in ɗaure fuska, in zama jandarma, su kuma su jeru a benci kamar fasinja. Maza sun fi rikicewa. Wani dattijo kullum sai ya fara ba ni labarin shanunsa.

A cikinsu akwai wata mata da aka kashe mata miji, tana da yarinya ɗaya da ba ta kai shekara goma ba. Tana son zuwa wurin yayanta a Agiye kafin damina. A lokacin ana tsananta bincike a kan yara, saboda masu kwasar ƴaƴan mutane suna haurawa da su arewa. Babban da ya kasa nuna cewa yaro nasa ne, sai a sauke yaron har a bincika.

Ran da layi ya zo kan matar na nuna yarinyar na ce, "Wagga ɗiyakki ta? Mi sunanta?"

Ta sunkuyar da kai. Matan da ke wurin suka bushe da dariya, wata ta kira ni da laƙabin malaman lakol ta ce, "Haba Mushe, ɗiyar fari ta fa!"

Na san da haka. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane. Kakar yarinyar ce ta raine ta har ta rasu, shi ya sa ma yarinyar ke ce wa uwarta Yaya. Na yi bayani, na yi faɗa, na ce jandarma ba surukinta ba ne. Ta ce in lokacin ya yi Allah zai kawo mafita. Matan suka yaba kunyarta, ni kuwa na cire hulata na tafi masallaci.

Da ranar tafiya ta zo na bi su, don ina da wata hidima a Agiye. Mun wuce Maradi lafiya. Gab da Cadawa aka tsayar da mu. Wani jandarma matashi ya leƙo, ya duba katin matar, ya dubi yarinyar.

"Wace ce wannan a wurinki?" ya tambayi yarinyar.

"Yayata ta."

Ya juya ga matar. "Ƙanwarki ce ko ɗiyarki?"

Matar ta kawar da kai. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu cikin ladabi ya ce, "Baba, ba kai na tambaya ba." Bai yi tsawa ba, aikinsa yake yi. Ya buɗe ƙofa ya ce yarinyar ta sauko, za ta zauna a buro, wato ofishinsu, har a gano danginta. Direba ya fara tsaki. Yarinyar ta sauka da ƴar robar ruwanta, ta bi shi tana waiwaye.

Sun kusa rumfar jandarmomin sai matar ta tura kanta ta taga. Ta kira sunan yarinyar da ƙarfi, ta haɗa da na ubanta, ta faɗi garin da ta haife ta, ta ce, "Ɗiyata ta! Ni na haihe ta!" Jandarman ya sake duba katin, ya yi wa yarinyar tambayoyi kaɗan, ya dawo da ita har bakin mota.

Muka ci gaba da tafiya. Matar ta ja hijabi ta rufe fuska, kunyar ƴan garinsu biyu da ke motar ta hana ta ɗaga kai. Na ji daɗi darasina ya ci, amma tausayinta ya fi yawa. Can bayan mun bar Cadawa yarinyar ta taɓa gwiwar uwar, ta ce a hankali, "Yaya, ki sake hwaɗin sunana."

Uwar ba ta sake ba. Ta dai laluba hannun yarinyar ta ƙarƙashin hijabi, ta riƙe har muka shiga tashar Agiye.