Ɗan farin da ya so uwarsa ta ɗauki laifinsa

Wata rana wani malamin firamare ya shiga gidan uwarsa da littafi a hammata.

Sunansa Nafi'u. Shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa uku. Uwar kuwa Tabawa mai daddawa ce, duk unguwa an san ba ta wasa.

Ya same ta tana tsince kalwa a tsakar gida. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗaga kai ba.

Ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, kuma ranar da aka yaye shi kakarsa ta goya shi ta tafi da shi ƙauye. Alkunya ke nan, ga waɗanda aka haifa jiya. Haka aka yi mana, haka muka yi.

Tabawa ta san abin da ya kawo shi.

Matarsa Sahura ta yi yaji, karo na uku. Wannan karon kwanon miya ya wurga mata don tuwo ya huce, ya tsaga mata gira. Ubanta ya aiko cewa ranar Asabar Nafi'u ya zo da babba daga gidansu a zauna. In bai zo ba, Litinin alƙali zai raba auren.

Nafi'u ya jawo turmi ya kifa, ya zauna a kai.

Ya ce, "Inna, na gano ciwona."

Ta ce, "Ita aka fasa wa gira, kai ne mai ciwo?"

Bai kula ba. Ya buɗe littafin. Ashe ƙarin karatu yake zuwa duk ƙarshen mako, ana koya musu ilimin halayyar ɗan Adam.

Ya ce wani bature mai gemu da ya mutu tuntuni ya gano cewa mutum uku ne a cikin kowane mutum. Na farko kamar jariri yake, abin da yake so yanzu yake son sa. Na biyu kamar liman, kullum tsawa da hani. Na uku yana tsakiya yana rabon faɗa.

Ya ce a ƙarƙashinsu kuma akwai wani rumbu. Duk ɓacin ran da yaro ya haɗiye can yake taruwa, mai shi bai sani ba. Sai ya girma abin ya riƙa fasowa.

Tabawa ta ci gaba da tsintar kalwa. A ranta ta ce wannan kam gaskiya ne. Abin da aka rufe aka danne sai ya sake wari. Ba sai bature ya gaya wa mai daddawa ba.

Sai ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Littafi ya ce kafin shekara biyar an gama gina halin mutum. Ni kuwa ba ki taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Fushin nan daga can ya samo asali. Ina so ranar Asabar ki faɗa musu haka da bakinki, su san ba yin kaina ba ne."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

Maganar ta soke ta, ba za a ce ba ta soke ta ba. Ta tuna shekarar da ƙyanda ta kama shi a gidan kakarsa. Da ƙafa ta je ƙauyen, rana tsaka, da cikin ƙanensa wata bakwai. Ta tsaya a bayan danga tana jin kukansa har ya lafa, ta juyo ba ta shiga ba.

Ba ta gaya masa ba. Irinsu ba sa tallar abin da ke zuci.

Ta ce, "Zan je."

Ya tashi yana murna, yana ganin ya gama biko.

Ranar Asabar da hantsi suka isa gidan Malam Ɗanlami, uban Sahura, tsohon maɗinkin hula. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Sahura tana ɗakin uwarta a bayan labule, tana jin komai.

Nafi'u ya buɗe littafi. Ya kawo jariri, ya kawo liman, ya kawo rumbu. Har da wasu rabe-raben mutane: wai akwai mai zafin jini, akwai mai sanyi, akwai mai son taro, akwai mai gudunsa, kowa da yadda aka ƙera shi.

Malam Ɗanlami ya saurara har ƙarshe, yana juya carbi.

Ya ce, "Malam Nafi'u, ni karatun nan ya fi ƙarfina. Ni dai 'yata na gani da jini a fuska. Iya, ke me kika ce?"

Tabawa ta gyara mayafi. Ta juya ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Kai. Shugaban makarantarku ya taɓa ci maka mutunci?"

"Sau nawa ma. Ranar da abin ya faru a gaban ɗalibai ya yi mini tsawa."

"Ka wurga masa kwano?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ɗan sandan da ya ƙwace maka makullin babur bara, ka tsaga masa gira?"

"Inna, ai wannan daban ne."

"To ashe jaririn nan na cikinka yana da wayo. Ya san mai kaki, ya san mai kujera. Ba ya rashin hankali sai ya ga 'yar mutane ta durƙusa tana ajiye masa tuwo."

Nafi'u ya shiga juya shafuka da sauri.

Ya ce, "Ai wannan ma yana ciki. Sun ce mutum yakan ɗauko fushi daga inda yake tsoro ya sauke shi inda ba ya tsoro. Har suna gare shi."

Ta ce, "Mu ma muna da sunansa. A bar jaki a daki taiki. Ba mu taɓa jin an ce laifin uwar mai sanda ba ne."

Malam Ɗanlami ya sunkuyar da kai yana tari, don kada a ga bakinsa.

Tabawa ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Malam, ka ji da kunnenka. Ban kira sunansa ba, gaskiya ne. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, gaskiya ne. In abin ya yi masa ciwo, ni ce a zaune, ya zo gida ya faɗa mini, zan saurara ko da ba daɗi. Amma ni ma 'yar fari ce. Uwata ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Shekara sittin da biyar ina riƙe da kwano, ban jefi kowa ba."

Ta numfasa.

"An kawo ni in ɗauki laifi. Ba zan ɗauka ba. Kuma kada ku ba shi ita yau."

Nafi'u ya ce, "Inna, biko fa muka zo."

"Kai ka zo biko. Ni gaskiya na zo faɗa. In ciwo ne, tun da ka yarda da masu littafi, ai suna da likitoci a asibiti, je ka su duba rumbun. In hali ne, ka gyara. Ko wanne ne, ba a fuskar yarinyar nan za a yi jinyarsa ba."

Malam Ɗanlami ya juya wajen ɗaki.

"Sahura, kin ji. Aurenki ne. Me kike so?"

Labule ya motsa. Ta fito da auduga manne a gira, ta durƙusa ta gaida surukarta.

Ta ce, "Baba, ni ba rabuwa nake nema ba. Amma sau biyu ina komawa, kowane karo da wanda ake ɗora wa. Na farko shaiɗan ne. Na biyu gajiya ce. Yau kuma Inna. Ina so in ji ya ce shi ne. Sannan ya je asibitin, in ga kati da idona. Kafin nan ina nan."

Kowa ya zuba masa ido.

Mutumin da ya yi rabin sa'a yana zuba bayani, kalma uku suka gagare shi.

Can ya ce, "Ni na yi."

Tabawa ta ce, "Ɗaga murya. Malam kunnensa ya yi nauyi."

"Ni na yi. Sahura, ki yafe mini."

Ba a je wurin alƙali ranar Litinin ba. Ba a kuma ba shi matarsa ba. Wata huɗu ya yi yana zarya tsakanin makaranta da asibiti da gidan surukai, yana gaisuwa a tsugune. Sai da Sahura ta gamsu don kanta, sannan ta ɗaure kayanta ta koma.

A hanyarsu ta dawowa a wannan Asabar ɗin ya ce, "Inna, kin kunyata ni a gaban surukaina."

Ta ce, "Ka sha kunya, ga ka kana tafiya da ƙafarka. Tafi a hankali, akwai rami a gabanka."

Darasi:

Ban ce karatu ƙarya ba ne. Abin da aka yi wa yaro yana binsa, mun san da haka tun ba a rubuta ba.

Amma sanin inda ciwo ya fito ba lasisin cizon mutane ba ne. In littafi ya nuna maka raminka, cike shi aka ce ka yi, ba ka tura matarka ciki ba.

Kuma fushin da ya san wanda zai tsallake, ya san abin da yake yi. Kada a zo mana da wani jariri.

Wanda ya kai shekarun aske gemu, halinsa nasa ne.

Ku tura wa duk wanda kuka sani yana lallashin na sama da shi a waje, yana zuwa gida ya zama zaki. In ya ji haushi, ku ce tsohuwa ce ta aiko.