Rigar da Na Ɗinka wa Akwatin Jita

Shekaruna tamanin da huɗu a duniya, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya auku shekara sittin da biyu ke nan, sa'ad da Turawa suke shirin naɗe tabarmarsu. Na manta abubuwa da yawa, har da sunayen waɗansu jikokina, amma ranar nan ta kasuwar Shagari ba za ta fita raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

A zamanin ni tela ne a Boɗinga, ina ɗinki a rumfar baffana, wanda ya rene ni ya koya mini sana'a. Ba yabon kai ba, a cikin samari babu mai kama ƙafata. Sai na saba da wani makanike mutumin Ikko, mai gyaran motocin aikin hanya. Yana da garmaho da faya-fayan wani kiɗa na baƙaƙen Amirka da ake kira bulus, kiɗan mutumin da duniya ta juya wa baya. Yana kuma da jita mai aiki da lantarki, da akwatin da ke ƙara mata murya, da wani ƙarfe na takawa: ka danna gabansa murya ta tashi, ka danna bayansa ta kwanta. Wata uku yana koya mini. Kullum faɗansa in tsai da ƙafa wuri guda, ita kuwa da ta ji ƙarfe a ƙarƙashinta sai ta shiga kaɗawa, tana zaton keken ɗinki ne. Da aka ɗauke shi zuwa wani gari ya bar mini kayan duka, ya yi mini gargaɗi iri-iri. Na yi ta gyaɗa kai, amma saurayin da aka yi wa kyauta ba shi da kunne.

Baffa ya ga kaya ya murtuke fuska. Ya ce, "Gidan ga allura munka gada, ba tsirkiya ba. Mi za ni ce ma mutane?" Na yi ta magiya har ya yanke hukunci: "Ran kasuwar Shagari ka kai shi gaban Sarkin Makaɗa. In ya ce kiɗi na, ka riƙe abinka. In ya ce hayaniya ta, akwatin ga kajina za su yi ƙwai cikinai."

Da na dubi akwatin sai kunya ta kama ni. Ga shi baƙi ƙirin, bayansa a buɗe, ana ganin hanjinsa, wato waɗansu kwalabe da kan yi ja kamar garwashi idan yana aiki. Na ce a raina, tela ɗan tela ba ya kai tsirara gaban manya. Na samo saƙi mai kauri don in ɗinka wa akwatin riga irin ta ango, na yi masa shafi, na zauna kwana bakwai ina yi masa aikin aska biyu. Na rufe bayan nan ruf, ko allura ba ta samun kafa, bakin lasifika kaɗai na bari. A kwana bakwai ɗin nan ban taɓa jita ba ko sau ɗaya.

Ranar ta zo cikin tsakiyar bazara. Bayan azahar muka zauna a gindin tsamiya, wani direban motar albasa ya ara mini batir. Sarkin Makaɗa, dattijo mai goge, ya shafa rigar ya ce, "Aikin wa na wanga?"

Na ce, "Nawa ne, ranka shi daɗe."

Ya ce, "To, tela mun gani. Saura makaɗi."

Na fara. Yatsuna suka yi ta tuntuɓe a kan tsirkiya, gumi ya karyo mini, na manta da ƙafa. Ita kuwa ta kama aikinta na kullum, gaba, baya, gaba, baya, murya tana tashi tana kwantawa kamar mai kukan rabuwa. Masu cinikin awaki suka bar awaki suka matso. Can sai muryar ta dushe, ta koma gurnani mai ratsa ƙirji, irin wanda nake ji a faifai ban taɓa iya fitarwa ba. Na lumshe ido, na ce yau gwaninta ta sauko mini.

Wata mai tuyar masa ce ta fara magana: "Jama'a, zanen wa ka ƙuna?"

Na buɗe ido, sai ga hayaƙi yana fita ta wuyan rigar, daidai bisa aska biyu. Direba ya yi tsalle ya fizge waya yana ihu, "Batirina! Da mi za ni kai albasa Sakkwato?" Wani bawan Allah ya rugo da buta, direba ya tare shi da ƙirji. Baffa kuwa, wanda ya zo don ya ga faɗuwata, shi ya zaro almakashi daga aljihu ya tsarge rigar tun daga wuya har ƙasa, ya yaye ta, ya tsuguna yana yi wa kwalabe fifita da malafarsa. Da ya ga ana kallonsa ya ce, "Ba don akwati ba. Saƙin nika tausayi."

Sarkin Makaɗa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya natsu ya ɗaga gogensa, ya nuna mini ramin da ke jikin fatar, ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin an ɗinke wanga? Abin da ka kuka, numfashi shikai." Na sunkuyar da kai, ina ganin kajin Baffa a idona. Ya ci gaba: "Yatsunka jarirai na, ba su san komi ba tukuna. Amma ƙafar ga ta shekara goma tana riƙe da kiɗi ba ka sani ba. Kukan da munka ji kafin hayaƙi, gogena ma shi kan yi shi in na tuna waɗanda sunka riga mu. Kiɗi na."

Baffa ya mayar da almakashi aljihu, ya ce, "Kaji sun yi hasara."

Kwalba ɗaya ta mutu a ranar, sai bayan damina direban ya samo mini wata daga Kano. A tsakanin nan na yi ta koyo da jita tsurarta, babu akwati, babu ƙarfen takawa, har na yaye yatsuna. Abin da na koya ke nan, shi nake gaya wa kowane mai fara wannan kiɗa: ka san inda abu yake numfashi kafin ka yi masa ado, kuma akwati ba ya ƙara sai abin da yatsa ya ba shi.

Baffa da Sarkin Makaɗa da direba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma mai tuyar masar nan tana raye a Lambara, ta haura tasa'in, hankalinta garau. Wanda yake shakka ya je ya tambaye ta. Har gobe idan ta gan ni sai ta ce, "Tela, ina angon naka mai hayaƙi?"