Abin da Yaya Ta Gani a Ɗigon Ruwa

Mu biyar ne a wurin mahaifinmu, Yaya ce babba, ni ce auta. Baba tela ne. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu da teburin yanka, sai wani benci da 'yan hira suka goge da zama har yana ƙyalli. A gindin keken nan Yaya ta girma. An ce tun ba ta kai tsayin tebur ba take kwanciya a ƙasa tana leƙen cikinsa, wai sai ta ga yadda zaren sama ke kamo na ƙasa. Maganar bakinta kullum ita ce "ta yaya?", har Baba yakan ce mu ƙannenta ba mu yi kuskuren suna ba.

Ta yi kwalejin horon malamai, aka tura ta wata firamare, aka ba ta darasin kimiyya saboda ba wanda ke sonsa. Sama da shekara ashirin tana koyar da shi daga littafi. Hannunta na da kyau a allo, gadon allin Baba ne. Idan aka zo babin tsabta, sai ta zana wani ƙwallo mai gashi-gashi, ta yi masa idanu biyu a murtuke, ta rubuta "ƙwayar cuta" a ƙasa. Ita kanta ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Ta auri mai gyaran firiji, suka haifi 'ya'ya huɗu, ga girki, ga tulin littattafan yara da take dawowa da su a leda don makin jarrabawa. Tambayar ba ta mutu a bakinta ba, amma ta yi barci mai nauyi.

Kowace shekara ƙungiyar malaman kimiyya kan yi babban taro a wani birni, kuma hedimasta ne ke zuwa. Wata shekara ciwon baya ya kwantar da shi, ya kira Yaya ya ce ta je a madadinsa, ta dai tabbata ta karɓo takardar shaidar halarta.

Kwanakin farko jawabai ne a wani zaure mai sanyin na'ura. Ranar ƙarshe aka ware wa ziyara. Za a kai wasu wurin hangen taurari, wasu kamfanin haɗa magunguna, wasu gidan adana ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya. Yaya taurari ta ƙwallafa wa rai. Sai dai da safen ta tsaya ta tare wani mai jawabi a bakin ƙofa tana yi masa tambaya a kan maganaɗisu, kafin ta fito duk motocin sun cika. Saura wata ƙaramar bas can ƙarshen layi, direban na jingine yana sakace.

"Ina wannan za ta?" in ji Yaya.

"Inda ake tace ruwan ƙazantar gari, Malama. Akwai wuri, ki zaɓi kujerar da kike so."

Waɗanda ke ciki duk makararru ne irinta. Ta zauna kusa da wani malamin sakandare mai kwat da lakataye, wanda tun kafin motar ta tashi ya fito da hankici ya riƙe.

"Malama, ke kuma laifin me kika yi?" ya tambaye ta.

"Surutu."

"Ni barci. Abokan ɗakina suna can za su ga tauraruwa Zahra, ni ga inda na nufa."

A bakin ƙofar matatar wata mata ta tarbe su, da farar riga da takalmin roba har gwiwa. Ita ce mai kula da ɗakin gwaji. Ta raba musu hular kwano da takunkumi, ta ce kowa ya riƙe ƙarfen gefe, kada kuma wanda ya taɓa fuskarsa sai ya wanke hannu.

Wurin farko wata ƙatuwar kwata ce da ruwan gari duka ke shigowa ta cikinta, baƙi-baƙi, yana ratsa ragar ƙarfe. Wani inji mai haƙora kamar matsefi yana tsefo abin da ragar ta tare: leda, tsumma, takalmi wari guda, har da kan 'yartsana. Warin kuwa takunkumi bai hana shi komai ba. Mai kwat ya ce shi dai ya ga kimiyya, a mayar da shi mota.

Suka wuce gaba, suka hau wata siririyar gada a kan manyan tankuna. Ruwan a nan ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana ta ɓulɓula kamar ana dafa shi, alhali ba wuta ba tururi. Yaya ta ɗan ɗaga takunkuminta ta shaƙa. Warin ya tafi. Abin da ta ji kamar ƙamshin ƙasa ne idan ruwan sama ya taɓa ta.

"'Yar'uwa, wane magani kuka zuba a nan?"

"Ba mu zuba komai ba," in ji mai farar riga. "Iska kawai muke hura masa."

"To ta yaya dattin ke tafiya?"

"Cinye shi ake yi."

"Wa ke ci?"

Matar ta zura wata moɗa mai dogon mariƙi ta ɗebo ruwan a kwalba. "Ku zo ku gaisa da su," ta ce.

Ɗakin gwajin matsattse ne, da taga ɗaya da wurin wanke hannu, kwalabe jere a kan kanta, butar shayi a can kan firiji. Matar ta ɗiga ɗigo guda a kan ɗan gilashi, ta rufe da wani mafi siranta, ta sa a ƙarƙashin madubin likita. Da layi ya zo kan Yaya, da farko gashin idonta kawai ta gani. Matar ta ce ta ɗan ja baya, ta murɗa mata wani maɓalli a hankali.

Yaya ta ba ni labarin abin da ta gani sau ba adadi, kuma kullum sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce wani fili ne mai haske, da dunƙule-dunƙulen laka kamar tsibirai. A jikin wani tsibiri ga wasu abubuwa kamar ƙararrawa, kowace a kan dogon tsinke, bakinsu na kaɗawa yana janyo ruwa. Tana cikin kallo ɗaya ta ƙanƙance fit, tsinkenta ya naɗe kamar sifirin, sannan ta sake miƙewa a hankali kamar ba ita ba. Wani mai kamar ƙafafun keke biyu a ka ya zo ya wuce yana miƙa yana tattarewa. Ba wanda ya damu da ita, kowa na sha'aninsa.

"Duk waɗannan ƙwayoyin cuta ne?" ta tambaya, idonta bai bar madubin ba.

"Masu cutar suna nan a ruwan, shi ya sa na ce a wanke hannu. Amma waɗannan abokan aikina ne. Masu cin dattin ma sun fi su ƙanƙanta, suna cikin dunƙulen lakar can, da ƙyar za ki gan su kamar ɗige-ɗige. Masu ƙararrawar su ke cinye waɗanda suka watsu a ruwa. Da safe su nake fara dubawa. Idan na same su da yawa suna harkarsu, na san tankin lafiya yake."

"Suna barci?"

Matar ta yi dariya. "Wannan ban sani ba."

"Malama, a taimaka," in ji mai kwat daga baya, "mu ma kuɗin mota ɗaya aka biya mana." Da ta matsa masa, shi ne har direba ya yi ta danna ham bai ɗago ba.

Yaya ta roƙi a ba ta ruwan a kwalba ta tafi da shi, matar ta ce doka ta hana, amma ta ba ta lambar wayarta. Kafin su fita ta nuna musu ƙarshen aikin, inda ruwan ke malala garau ta wani lambatun siminti zuwa kogi.

Daga tasha shagona Yaya ta zarce, da jakarta a hannu, don ni na gaji keken Baba. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Auta, shekara da shekaru ina zana wa yara abin da ban taɓa gani ba, ashe ko kama babu." Takardar shaidar hedimasta kuwa ta manta da ita a zauren taro, sai daga baya aka aiko.

Makarantarsu na da madubin likita guda, yana kulle a kabad ɗin ofishin hedimasta, ana fito da shi a goge idan masu duba makarantu za su zo. Irin na da ne, mai ɗan madubi a ƙasa da ke kamo hasken rana. Da ƙyar hedimasta ya ba ta, bayan ta yi alkawarin in ya fashe ita ce. Ta kai shi gida ta kafa a bakin tagar ɗakinta. Ta ɗiga ruwan famfo, ba komai. Ta ɗiga na randa, ba komai. Har ta fara tunanin ko madubin ne ya mutu da zaman kabad, sai ta kira matar nan. Matar ta ce ta samo busasshiyar ciyawa ta jiƙa a ruwan kududdufi, ta bar shi 'yan kwanaki, sannan ta ɗebo daga yanar da za ta taso a sama.

Tsakar gidansu dama cike yake da matattun firiji da masu su suka ƙi dawowa ɗauka. Yaya ta mayar da ɗaya ma'ajiyar kwalabenta. Na je gidan wata rana da hantsi na tarar da mijinta ya toshe hanci saboda warin kwalaben, yana kwance kwamfireson wani firiji.

"Auta, zo ki yi wa yayarki magana," ya ce. "Matan mutane na kiwon kaji, tawa ta kama kiwon abin da ba a gani, ba ƙwai ba nama."

"Ba sa cin dusa dai," in ji Yaya daga ɗaki. "Ku zo, sun fito."

Ni na fara leƙawa. Wasu ne masu kamar tafin silifa, suna ta gudu suna karo da juna suna ja da baya. Mijinta ya goge hannu a wando ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce ƙafar madubin na rawa, a bar shi ya ɗaure ta. Washegari ya haɗa mata wata 'yar fitila daga ƙwan cikin firiji, don kada ta riƙa jiran rana.

Ranar da ta kai wa 'yan aji shida madubin da kwalabenta, darasi ɗaya ya cinye har lokacin tara. Yara na tambayar sunan kowane, ita kuma mafi yawa ba ta sani ba, kuma haka take gaya musu. Suka raɗa musu nasu: Silifa, Mai Wutsiya, Ɗan Tasi. Ta sa kowa ya zana abin da idonsa ya gani, aka samu zane iri-iri, ba biyu da suka yi kama.

Bayan kwana biyu sai ga wata uwa a bakin aji, mai sayar da kayan miya ce a kasuwa, da farantinta a ka, ranta a ɓace. 'Yarta ta ƙi shan ruwa a gida, wai Malama ta nuna musu akwai dabbobi a ciki.

"Malama, me kika nuna wa yarinyar nan? Ko shayi sai ta ɗaga kofi ta leƙa."

Yaya ta ba ta haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta bambance musu da kyau ba. Ta kira yarinyar, ta ɗiga tafasasshen ruwan da ta zo da shi a gora, yarinya ta duba ta ga ba abin da ke motsi. Sannan ta ɗiga na ciyawar ta ce uwar ma ta gani. Matar ta sauke faranti, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta sunkuya. Ta jima tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "To in aka sa albasa fa?"

Yaya ba ta taɓa gwadawa ba, ko da yake yana cikin littafi. Matar ta zaro albasa daga faranti, ta ɓare, ta zare siririyar fatar nan ta ciki da farce. Suka shimfiɗa a gilashi. Sai ga ta ɗaki-ɗaki a jere, kamar ginin bulo. Ranar matar ba ta isa kasuwa da wuri ba.

Ba zan ce sakamakon jarrabawar makarantar ya sauya a zo a gani ba, hedimasta ma yakan yi ƙorafin tana baya a manhaja. Amma daga shekarar ita ke zuwa taron, kuma da gangan take neman motar da ba kowa. Ta je inda ake binne sharar gari, ta je inda ake matse bulon siminti har ya fashe don a san ƙarfinsa, ta je wani ɗakin sanyi da ake ajiye irin shuka. Duk inda ta je sai ta dawo da abin da za ta gwada a aji, wani ya yi, wani ya ƙi.

Yanzu ta yi ritaya, gwiwa ta fara ba ta wahala. Bara yanar ido ta rufe mata idon dama, ni na raka ta asibiti aka yi mata aiki. Da aka fito da ita an manne idon da auduga, likitan, wani saurayi da bai wuce sa'an ɗanta na biyu ba, ya zo duba ta.

"Mama, akwai zafi?"

"Babu, ɗana. Abin da ka cire fa, yana ina?"

Ya ce ai ɗan madubin cikin idon ne da ya yi hazo, narkar da shi aka yi aka zuƙe, ba abin da ya rage, an sa mata na roba a gurbinsa.

"Na roba? Yaya girmansa?"

Ya nuna mata da ɗan yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce to ta wace ƙofa ya shiga, tunda ba ta ji an yi ɗinki ba. Likita ya dubi agogo, ya dubi layin da ke jiransa a baranda, sannan ya jawo kujera ya zauna. Ya karɓi ledar maganinta, ya naɗe gefenta siriri kamar tabarma, ya ce haka ake naɗe shi a zura ta ɗan ƙaramin tsagi, in ya shiga sai ya buɗe da kansa. Yaya ta karɓi ledar ta naɗe, ta saki, ta sake naɗewa. Ni kuwa na ɗauki gorarmu na fita neman ruwan zafi, don na san ba yanzu za mu tafi gida ba.