Gilashin Ƙofar Motar Baba

Shekaranjiya ɗana ya ɗauke ni a motarsa za mu dubiya Tarauni. Muna faɗawa wani rami gilashin gefena ya ce kar-kar-kar. Wallahi na san muryar nan tun ina 'yar firamare.

A Gyadi-Gyadi na tashi. Babanmu yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, da ita yake kai ma'aikatan asibiti aiki da safe. Cikinsu har da maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato da muke ce wa Sista. Ni kuwa, ka san akwai yaron da ba ya son fita, to ni ce. Ina gindin murhu wajen Inna, ina zuba surutu. Boko bai zauna mini ba, amma kunne Allah Ya ba ni. Daga tafiya nake gane mai shigowa zaure.

Wata damina gilashin ƙofar baya ya fara kaɗawa. Hanya duk ta fashe, ƙasa na ƙamshin ruwa, motar na tafe tana kar-kar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Kowa ya yi magana, Baba ya ce shi bai ji komai ba, mutane ne da son ƙorafi.

Rannan Sista ta shigo aron turmi, ta rage murya ta ce wa Inna, "Maman yara, ba gilashin ne ya dame ni ba. Jiya mai tifa ya yi ta hon a bayanmu, Malam bai ko waiga ba."

Inna ta daina tankaɗe. Ita ma ta lura rediyonsa kullum ƙara masa murya ake yi. Amma wa zai tari Baba ya ce masa kunnensa ya yi nauyi, mutumin da tuƙi ne abincinsa, kuma rayukan mutane ke bayansa?

Da Asabar Inna ta ce masa, "Malam, tafi da uwarka ta nuna maka wurin ƙarar nan, ko ma huta da bakinta." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Muka bi wani layi mai ramuka a Darmanawa. Ya ce in sauke gilashin rabi. Ƙara ta ƙaru, na faɗa masa. Ya ce in ɗaga shi har sama. Ta ragu. Ya ce in dafa shi da tafin hannu. Tsit. Duk abin da na faɗa sai ya kalli bakina ta madubi kafin ya gyaɗa kai. A lokacin ban san dalili ba.

Ya tsaya a gindin wani darbejiya, ya kwance hannun ɗaga gilashin, ya ɓalle murfin ƙofar. Warin tsatsa da tsohon giris ya taso. Ya tura hannu ciki, ya girgiza gilashin a hankali, idonsa a rufe. Robar da gilashin ke bi ta bushe ta tsattsage, noti ɗaya kuma ya saki. Ya yanko tsohon tiyub na keke ya cusa a hanyar, ya ɗaure notin da sifana. Da yatsunsa ya ji abin da ni na ji da kunne.

Muka koma kan ramukan nan. Mota shiru, sai ruwan kwata da taya ke fasawa. Sai ya ce, "Uwata, ya daina?"

Na ce, "Ya daina, Baba."

Ya ce, "Ni da ɗazu da yanzu duk ɗaya ne a wurina."

 Na miƙa hannu na riƙe kafaɗar rigarsa.

Ranar Litinin da ya sauke ma'aikatan a ƙofar asibiti bai juyo ba. Ya kulle mota ya bi bayan Sista. Aka wanke kunnen, aka ba shi ɗan abin da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji, ya riƙa jan hula yana rufe shi. Ya ci gaba da tuƙinsa har ƙarfi ya ƙare. Abin da ya fara faɗa da ya dawo gida shi ne, "Uwata, ashe haka kike da surutu?"

Yanzu gilashi da maɓalli ake ɗaga shi, in ya yi ƙara a cire a sa sabo, ba mai tura hannu ciki ya rufe ido. Ɗana ya ce in yi haƙuri, gobe zai kai wa bakanike. Na ce ba gaggawa. Na ɗora tafin hannuna a kan gilashin ya yi tsit, sai na ɗan ɗaga, don in ƙara ji.