Mai Iya Faɗowa Daga Raƙumi

Tun da Turawa suka zo ɗaukar fim ɗin yaƙin ƙabilunmu da Turkawa, maƙwabcina Mifleh ba shi da sukuni. Gobe za su zaɓi wanda za a harbe ya faɗo daga raƙumi, shi kuwa ya sa rai.

Ga shi yau a kasuwar garin Ma'an ya ƙura wa wani baƙo ido, wanda shi ma ya zo neman a zaɓe shi. Dogo ne siriri, kwalli raɗau, wuƙa a ɗamara, kaushin ƙafarsa na mai doguwar tafiya. Yana kurɓar gahawa, masu sayar da dabino na roƙonsa ya gwada musu yadda zai mutu a fim ɗin. Sai ya miƙa finjalin, ya dafe ƙirji, ya sulale ƙasa a hankali, ko rawaninsa bai goce ba. Kasuwa ta ɗauki tafi.

Mai gahawa ya dubi Mifleh, ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Abu Salim, ka ga mutuwa mai kyau?"

Mifleh ya ja tsaki. "Ubana a yaƙin gaske ya faɗi, wa ya tafa masa?"

Da la'asar ga Mifleh a bayan tanti, yana ta faɗowa daga kan jakinsa. Jakin ko waiwayowa bai yi ba.